Katangar Balin da Kunnen Dokin Landan

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara a gindin bishiya a Gwarzo ko Kabo, lokacin rani bayan an kai amfanin gona gida, ya san tun wajen zubi ake cin mutum. Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Gwani ba ya gaggawar jera uku, toshe hanya yake fara yi. Darar Turawa, wato ces, ita ma haka take, sai dai su sun raɗa wa kowane salon buɗe wasa suna, sun cika littattafai da shi.

A watan Oktoba na 2000, a Landan, Garry Kasparov, wanda ke riƙe da kambin duniya tun 1985, ya zauna da Vladimir Kramnik. A wasan farko Kasparov ne da farare. Ya buɗe da salon Ruy Lopez, mai sunan wani limamin kirista na Sifaniya da ya yi rubutu a kansa a 1561. Kramnik ya tare shi da wata tsohuwar kariya da manya suka yi watsi da ita, kariyar Balin. A taku na 8 sarauniyoyin biyu suka bar fage, sarkin baƙaƙe ya tsaya tsakiyar fili ba mafaka. A ido, Kramnik ya shiga uku. Amma sarauniya ita ce takobin mai kai hari, Kasparov kuwa da hari aka san shi. Aka raba shi da takobinsa, aka bar shi yana zagaya katanga ba ƙofa. Wasa ya tashi kunnen doki.

Sau 4 gaba ɗaya suka buga wannan salo, duk canjaras. Ɗan kallo zai ce an ɓata masa yini, ni kuwa ban ga ragwanci a nan ba: hana mai farare cin moriyar fara taku, shi ma ci ne, ko da ba a rubuta shi a allo ba. Kramnik ya ci wasa 2 da farare, sauran 13 aka yi canjaras, ya karɓe kambin. Kasparov ya tashi bai ci ko ɗaya ba, kuma ana kiran salon Katangar Balin.