Ciyawar Ado da Hunturun Katsina

Duk wanda ya shuka ciyawar ado a farfajiyar gidansa a Katsina, ko a GRA ko a sababbin unguwannin bayan ganuwa, ya san abin da ke biyo bayan kaɗawar iskar hunturu a watan Nuwamba. Ciyawar da ta yi shar da damina sai ta fara koɗewa, ƙura ta lulluɓe ta, kafin Janairu ta koma ruwan ƙasa. A nan ne yawancin masu gida ke sa mai gadi ya riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma, a kuma watsa mata yuriya wai don ta farfaɗo. A ganina wannan asarar ruwa ce da kuɗi, kuma ita kanta ciyawar cutar da ita ake yi.

Shawarwarin da ke yawo a intanet kan kula da ciyawa lokacin sanyi an rubuta su ne don Ingila da Amurka, inda ƙanƙara ke daskarar da ƙasa. Sanyinmu bai kai nan ba, da wuya daren Katsina ya sauka ƙasa da digiri 10. Abin da ke damun ciyawarmu bushewa ce. Ruwan da birnin ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 600 ba, kusan duk tsakanin Yuni da Satumba, sannan iskar da ke tasowa daga Sahara ta zuƙe ɗan damshin da ya rage a ƙasar da dama rairayi ce. Kiri-kiri, wadda ake yawan shimfiɗawa a filaye, ta saba da wannan. Idan ruwa ya yi ƙaranci sai ta daina tsiro, ta bar ganye ya bushe, ta adana ƙarfinta a jijiyoyin da ke ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa kiri-kirin gefen hanya da babu mai ba ta ko ɗigo take tohowa da ruwan farko. Mai shakka ya tono jijiya ɗaya ya karya: muddin cikinta fari ne da danshi, ciyawar tana da rai.

To, me ake biya don a tilasta mata zama kore? Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne ruwa milimita 25 a mako. A fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, wannan lita 2,500 ke nan, wato jarka 100 mai cin lita 25, kusan kura goma ta 'yan ga-ruwa, kowane mako har wata bakwai. Wannan a garin da ruwan dam ɗin Ajiwa ba ya isar kowace unguwa. Mai rijiyar burtsatse zai ce ai ruwansa ne, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Daga inda yake ja maƙwabcinsa ma ke ja.

Abin da ya fi shi ne a ba ta ruwa sosai amma jefi-jefi, kamar sau ɗaya a kwana goma ko mako biyu, har ya ratsa ƙasa zurfin taƙi guda, kuma da asuba kafin iska ta tashi. Yayyafin kullum sama-sama kawai yake jiƙawa, sai saiwa ta tsaya a saman, ranar da aka yi fashi kuwa ta ƙone. A ɗaga injin yanka, kada a aske ta ƙwal, don tsawon ganyen ne ke yi wa ƙasa inuwa. A ajiye yuriya sai damina, domin a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa take yi. Idan za a sa taki, a barbaɗa na dabbobi wanda ya ruɓe sarai, saboda ɗanye gara yake jawowa, ita kuwa gara a rani ta fi iska ɓarna. Kada kuma a cinna mata wuta kamar yadda wasu ke yi.

Wani zai ce ina amfanin ciyawar ado idan ba kore ba ce? Maganarsa da gaskiya a ciki, sai dai maganinta a rage faɗin filin. A ware ɗan yankin da ake zama da yamma, a juya masa ruwan alwala da na ɗaurayar kayan miya, ban da mai omo ko bilic, sauran kuma a bar shi ya huta. Wani kuma zai ce a tuge ta baki ɗaya a zuba siminti. Shi ma ban bi shi ba. Ko busasshiya ce tana riƙe ƙasa, tana rage ƙurar da ke shiga ɗaki, da damina kuma tana barin ruwa ya nutse maimakon ya kwarara titi, ga shi ba ta ɗaukar zafi irin na siminti. Ruwan da aka tattala a Disamba da Janairu zai yi rana a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, domin a nan ne ciyawa mai gajeriyar saiwa ke mutuwa da gaske.