Ko Ka Sani? Cin Ruwa: Man Shafawa Ko Ƙwaya?

Ko ka san cewa abin da ke sa tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari fat, ya tsattsage yana ƙaiƙayi, wata halitta ce mai rai, dangin fumfunar da ke fitowa a jikin burodi? Wadda ta fi yawa masana na kiranta Trichophyton rubrum, kuma danginta ne ke haddasa makero a kan yara. Mataccen saman fata da farce ne abincinta. Danshi da ɗumi take so, shi ya sa take addabar sojoji da 'yan ƙwallo masu yini cikin takalmi sau-ciki, da masu wankin mota da ƙafarsu ba ta rabo da ruwa.

Tunda a saman fata take zaune, man shafawa kan ishe ta. Man terbinafine yakan gama da ita cikin mako 1 zuwa 2, shi kuwa clotrimazole sai an jure shafa shi safe da yamma har kusan mako 4. A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Ƙaiƙayin na lafawa cikin 'yan kwanaki sai a ajiye man, alhali ƙwayar cutar tana nan da ranta, ba a jimawa ta dawo. Abin da ya fi damuna shi ne mayukan nan na haɗin gambiza da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, masu ɗauke da sinadarin betamethasone ko clobetasol. Suna kashe ƙaiƙayi nan take, amma suna raunana garkuwar fata, cutar ta samu filin yaɗuwa. A Indiya, inda irin wannan shafe-shafe ya yi ƙamari, har an samu wani nau'in ƙwayar cutar da ba ya jin terbinafine.

To yaushe ake komawa ga ƙwaya? Idan duk tafin ƙafa ya yi kauri ya bushe yana zubar da ɓawo kamar dusa, wanda wasu ke ɗauka faso ne na hunturu, ko idan farce ya kumbura ya yi rawaya yana marmashewa. Mai ba ya ratsa irin wannan kaurin, ita kuwa ƙwaya ta jini take bi ta iske cutar daga ciki. Farcen ƙafa kaɗai kan ci wata 3 ana shan terbinafine kullum.

Sai dai ƙwaya ta hanta take wucewa. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta nemi a dakatar da ƙwayar ketoconazole, wadda ita ma maganin irin wannan cuta ce, saboda illarta ga hanta. Don haka mai ciwon hanta, mai juna biyu da mai shan wasu magunguna kada su sha sai da izinin likita.

Bayan wanka ko alwala, a tsane tsakanin yatsu sosai kafin a sa safa. Mai ciwon suga kuwa, da ya ga tsaga a ƙafarsa ya nufi asibiti, kada ya tsaya gwajin magani a gida.