Ina kuɗinka ke kwana idan ka tura ta waya?

 Kai da ka loda shanu a Ngaundare aka sauke su Duwala, ko ke Hajiya mai sarin atamfa a kasuwar Kwango da Nkololoun, yanzu sau da yawa cinikinku ta waya yake ƙarewa. Mahauci yana zaune a Unguwar Hausawa ta New Bell, ya danna Orange Money ko MoMo, kafin ka gama kurɓar shayi a Garwa saƙo ya shigo. To wai kuɗin nan ta ina suka bi?

Ba a cikin wayarka suke ba. Lissafinsu yana cikin wani gini mai sanyi kamar firiji, cike da manyan kwamfutoci da ake kira saba, an jera su cikin kabad-kabad na ƙarfe masu tsayin mutum. Irin wannan gini shi ne cibiyar ajiyar bayanai. Orange ta buɗe tata a unguwar Makepe, nan Duwala, a 2017, Camtel kuma tana da babba a Zamengoe kusa da Yawunde.

Abu uku ke aiki tare a ciki. Saba ita ce magatakarda, tana duba lambarka ta sirri, ta cire daga wannan ta zuba wa wancan. Amma littafin ba ya hannunta. Yana cikin rumbu, wato akwati mai faifai masu yawa wanda dukan sabobin ke tarayya a kansa. Dalili kuwa, idan saba ɗaya ta mutu da tsakar dare, wata sai ta ɗauki aikin, tunda littafin ɗaya ne kowa ke karantawa. Na uku shi ne suwic, akwatin rarraba hanya mai ramuka 24 ko 48. Shi ne ɗan kamashon tasha: kowane saƙo ya zo, ya duba adireshi ya nuna masa ramin da zai bi.

Abin da ya haɗa ukun nan igiya ce kawai, kuma a nan ake gane gwanin ma'aikaci. Makiyayi ya san ba a dogara da rijiya ɗaya da rani. Haka nan kowace saba ana fitar mata da igiya biyu, ɗaya ta tafi suwic na farko, ɗaya ta tafi na biyu. Shi ma rumbun kawuna biyu gare shi, kowane kai an ɗaure shi da suwic ɗin duka biyu. Har wutar lantarki ta baki biyu take shiga, bayan batura da janareta da ke jiran ɗaukewar wuta. A cire ko wace igiya guda, aiki bai tsaya ba.

Ga inda ake yin ɓarna. Ma'aikaci mai gaggawa zai iya jan igiya biyu kamar yadda aka ce, amma ya cusa su duka a suwic ɗaya don shi ne kusa da hannunsa. A ido komai lafiya, fitilu kore suna ƙyaftawa, har shekara ta wuce ba wanda ya lura. Ranar da suwic ɗin ya ƙone, hanyoyin biyu su mutu tare. Daidai yake da ka ɗaure sa da igiya biyu a turke ɗaya, turken ya tuge. Shi ya sa masu sanin aiki kan yi gwaji da gangan kafin su miƙa aiki: su zare igiya ɗaya su ga ko saƙo na wucewa, su mayar, su zare ɗayar. Suna kuma manna suna a bakin kowace igiya gaba da baya, kamar yadda kake wa dabbarka shaida, domin cikin igiyoyi ɗari-ɗari masu kama ɗaya, wanda ya zo gyara da ƙarfe biyun dare kada ya zare mai rai ya bar matacciya.

Igiyar kala biyu ce. Ta tagulla ba ta wuce mita 100. Ta gilashi kuwa, wadda haske ke bi ta cikinta, zarenta bai fi gashin kai kauri ba, tana nisa tana sauri, sai dai ba ta son wulaƙanci. A lanƙwasa ta da yawa haske ya zube, ƙura ƙwaya ɗaya ta hau bakinta saƙo ya riƙa ɓata. Kuma in aka bar igiyoyi cunkushe a bayan kabad, sai su toshe iska, injin ya yi zafi. Wanda ya san zafi da laimar Duwala ba sai an yi masa bayani ba.

Daga ginin, igiyar gilashin ce ke bin ƙasa har teku. SAT-3 ta sauka a Duwala, WACS a Limbe, a Kribi kuma akwai wadda ta tafi Legas da SAIL da ta ƙetara zuwa Fortaleza ta Birazil a 2018. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu suka lalace lokaci guda a teku wajen gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni daga Gana da Nijeriya har Kamaru. Huɗu ne, amma kusan hanya ɗaya suka bi, turke ɗaya ke nan.

Saboda haka ranar da rezo ya tsaya kana tsakiyar ciniki, kada ka yi ta sake turawa, don wani lokaci na farkon ya shiga littafi, saƙon shaida ne kawai ya makale a hanya. Duba ragowar kuɗinka tukuna. Kai mai sayarwa kuma kada ka saki dabba don an nuna maka hoton saƙo a wayar wani, sai ka ga kuɗin a naka asusun. Ka adana lambar cinikin da ke cikin saƙon, ita za a nema a ofishi idan rigima ta taso. In da hali, riƙe layi biyu na kamfani daban-daban.