NA'URA MAI MUTUWA A TSAKIYAR AIKI: INA LAIFIN YAKE?

Duk wanda ya taɓa rakiyar amalanke daga fadamun ƙasar Kance zuwa kasuwar Matameye ya san halin sa. Muddin amalanke ba kaya, kowane sa jarumi ne. Amma a loda masa rake, a iso wurin rairayi da rana tsaka, nan ake bambanta ƙosasshe da wanda yunwa ta ci. Idan sa ya gurfana, manomi mai hankali ba ya fara da bulala. Yakan tsaya ya duba tukuna: zafi ne, yunwa ce, ko kuwa hanya ce ta ɓaci?

Ƴan'uwa masu karatu, mun kawo wannan misali ne domin wata damuwa da ke samun samarinmu masu na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, musamman irin mai ƙarfin nan da aka ƙera domin wasanni. Da ita wasu ke buɗe ɗakin wasa yara su biya su yi wasan ƙwallo, da ita kuma wasu ke haɗa hotunan biki da na suna. Sau da yawa kuɗinta tarin shekara ne, ko kuwa bashi. To, sai ga na'ura tana rubutu lafiya, tana nuna fim lafiya, amma da an shiga wasa mai nauyi sai ta mutu ɗif, kamar an zare mata waya. Yara su nemi kuɗinsu, aikin da ba a adana ba ya salwanta, mai ita ya shiga zullumi.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Galibi na'urar ba lalacewa ta yi ba, kanta take karewa. Maƙera sun sa mata masu gadi a ciki, waɗanda ke yanke wuta da zarar zafi ya wuce kima ko ƙarfin wuta ya kauce wa ƙa'ida. Saboda haka aikin mai ita shi ne ya gano abin da ta gudar wa, maimakon ya yi ta sayen kayan gyara bisa zato.

Alƙalami kafin sukudireba

Kayan aiki na farko takarda ce da alƙalami. Duk lokacin da na'ura ta mutu, a rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ne, wane aiki take yi, minti nawa ta yi tana aikin, da kuma yadda ta mutu. Bayan kwana uku ko huɗu takardar nan za ta fara magana.

Idan mutuwar takan zo bayan minti ashirin ko talatin na wasa, kuma ta fi yawa tsakanin azahar da la'asar, a zargi zafi. Idan takan zo nan take, daidai lokacin da wasa ya ɗauki nauyi, ko da sanyin safiya ne, kuma na'urar ta ƙi tashi sai an zare waya an mayar, a zargi akwatin wuta na cikinta. Idan kuwa ƙwan fitilar ɗaki yakan dushe a daidai lokacin, ko mutuwar ta dace da tashin injin niƙa ko na mai walda a maƙwabta, to laifin daga bango yake shigowa. Amma idan allo ya yi shuɗi, ko baƙi, da rubutu a kansa kafin ta sake tashi, wannan ya fi karkata ga manhaja ko ma'ajiyar aiki da ake kira ram.

Akwai wani littafi da Windows ke rubutawa da kansa, wanda a na'urori masu Faransanci ake kira Observateur d'événements. A ciki za a ga Kernel-Power da lamba 41. Mutane da yawa kan ɗauka sun kama ɓarawo. A'a, lambar nan shaida ce kawai cewa na'ura ta mutu ba da sallama ba. Tana ba da lokaci, ba ta ba da dalili.

Zafi da ƙura

Gaɓoɓi biyu ne ke haifar da yawancin zafi: ƙwaƙwalwar na'ura, wato furosesa, da katin hoto, wanda ke zana duk abin da ake gani a wasa. Kowannensu yana ɗauke da ƙarfe mai haƙora kamar mashaci, fanka na hura masa iska. Yawancin furosesa na zamani sukan fara rage gudu da kansu idan zafi ya kai digiri 95 zuwa 100, idan ya ci gaba da hawa kuma sai su kashe na'ura.

Ga lissafin da ya shafe mu. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Mu ƙaddara ƙarfen nan yana riƙe furosesa da digiri 55 sama da zafin ɗaki. A ɗaki mai digiri 22, kamar yadda ake samu a ƙasashen Turai, furosesa zai tsaya a 77, lafiya lau. A shago mai rufin kwano a Matameye cikin Afrilu ko Mayu, inda zafi ke wuce digiri 40, wannan furosesa ɗin zai kai 95 ko fiye. Na'ura ɗaya, wasa ɗaya, amma a nan tana bakin rami. Ga kuma ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke shiga tsakanin haƙoran ƙarfen ta daskare kamar bargo. Ƙurar da aka bari a hunturu ita ke kashe na'ura a bazara.

Gwajin ba shi da wuya. Akwai manhajoji na kyauta, irin su HWMonitor, masu nuna zafin kowace gaɓa. A buɗe ɗaya, a shiga wasa, a riƙa dubawa. Sa'an nan a cire murfin gefe, a kafa fankar ɗaki tana hura ciki, a sake wasan. Idan mutuwar ta daina ko ta jinkirta, an gano mai laifi.

Maganinsa ya fi kowane araha. A kashe na'ura, a zare waya, a fitar da ita waje, a kore ƙurar da abin hura iska da burushi mai laushi, ana riƙe da fanka da yatsa don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Ban da ruwa, ban da hurawa da baki. A tabbata kowace fanka tana juyawa. Tsakanin furosesa da ƙarfensa akwai wani mai mai kauri da ke isar da zafi. Yakan bushe da shekaru, musamman a na'urorin hannu da ake shigowa da su. A goge tsohon, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ƙarama. Man goge haƙora ba ya maye gurbinsa. Bugu da ƙari, a ɗaga na'ura daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango, kuma zanen da ake rufa mata saboda ƙura a yaye shi kafin a kunna.

Akwatin wuta

Idan zafi bai wuce kima ba amma mutuwa ta ci gaba, sai a juya ga akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa gaɓoɓi. Shi ne cikin na'ura, kuma shi ne wurin da masu haɗawa suka fi yin tsimi, domin mai saye ba ya tambayarsa.

Kwamfutar ofis ba kasafai take cin wat 100 ba. Amma katin hoto shi kaɗai yana iya ninka wannan: RTX 3060, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2021, yana cin wat 170, RTX 3080 na 2020 kuwa wat 320, har kamfanin ya ba da shawarar a haɗa shi da akwati mai wat 750. Har ila yau, katunan nan sukan yi zarin wuta na ƙiftawar ido wanda ya zarce abin da aka rubuta musu ƙwarai, sai mai gadin akwati ya ɗauka gobara ce ya yanke. Wannan ne ya sa ƙa'idar ATX 3.0, wadda Intel ya fitar a 2022, ta wajabta wa manyan akwatuna jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙin lokaci.

Abin lura kuma, lambar da ke jikin akwati mai araha ba kullum take gaskiya ba. Wasu an auna su ne a ɗaki mai sanyi, ƙarfinsu kuma yana raguwa idan zafi ya ƙaru ko shekaru sun ja. Araha ba ta ado.

Ga yadda ake gwadawa. Da farko a tabbata wayoyin da ke shiga katin hoto da babban allo sun zauna daram, ba alamar ƙuna. Idan katin yana da baki biyu, a ba kowane baki wayarsa. Sa'an nan a rage nauyin wasa, ko a rage wa katin cin wuta ta manhajarsa. Idan ta daina mutuwa alhali dā ma zafi daidai yake, akwatin ne ya gaza. Tabbaci na ƙarshe shi ne a aro lafiyayyen akwati mai ƙarfi a gwada kafin a sayi sabo. Gargaɗi: kada kowa ya buɗe akwatin wuta. A cikinsa akwai ƴan tuluna masu riƙe wuta kusan bolt 400, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya.

Wutar bango

Na uku shi ne wanda littattafan waje suka fi mantawa, mu kuwa ba mu isa mu manta ba. Tun 1994 layin bolt dubu 132 da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa ya haɗa yankin Maradi da Damagaram da wutar Nijeriya. Jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar daga can, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. A wannan tsakani mutane da yawa suka koma ga injin wuta da farantan hasken rana, kuma kowanne da halinsa.

Me ya sa raunin wuta ke kashe na'ura lokacin wasa, ba lokacin rubutu ba? Ƴan tulunan da muka ambata su ne guzurinta. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi, idan na'ura tana cikakken aiki guzurin yakan riƙe ta kimanin kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa kawai. Idan aikin kaɗan ne, guzurin yakan daɗe, wuta ta ƙifta ta dawo ba a sani ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Saboda haka a auna wutar bango da mita: kusa da bolt 220 ake nema. A raba na'ura da siririyar waya mai baki da yawa wadda firji da dutsen guga ke sha a cikinta. A gwada ta a wani gida ko wata unguwa. Idan wuta tana hawa da sauka, a sa na'urar daidaita wuta, ko akwatin batir mai riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke. Amma a kula da girmansa: ƙaramin da aka rubuta wa 650 VA ba ya ɗaukar fiye da wat 400, wanda ya ishi ofis amma bai ishi babbar na'urar wasa ba. Sau da yawa shi kansa ne ke yankewa. Haka ƙaramin injin wuta: da nauyi ya hau shi farat ɗaya sai ya numfasa, na'ura ta mutu.

Idan duk ukun sun kuɓuta

Sai a duba ram da manhajar MemTest86, a zare sandunansa a mayar da su ɗaya bayan ɗaya. A sabunta manhajar katin hoto. Idan wani ya ƙara wa na'ura gudu fiye da yadda aka ƙera ta, a mayar da ita yadda take. Babban allo shi ne na ƙarshen zargi. Doka ɗaya ce a duk wannan aiki: a sauya abu ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya sauya uku a lokaci guda, ko ya warke bai san maganinsa ba.

Kira ga shugabannin ma'aikatu kuwa shi ne, na'urorin ofis iska ɗaya suke shaƙa da na ɗakin wasa, wuta ɗaya suke sha. Ranar da ake rubuta kuɗin sayen kwamfuta, a rubuta har da na daidaita wuta da na shara sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen hunturu kafin bazara ta kama, a kuma ajiye littafi kusa da kowace na'ura. Mai gyaran da aka miƙa wa takarda mai kwanan wata da lokaci ba zai yi lalube ba, mai na'ura kuma ba zai biya kuɗin gaɓar da lafiyarta ƙalau ba.