Ma'aikatan Bakteriya da Awon Sukari

Sanin kowa ne cewa zuma, duk da zaƙinta, tana da ɗan tsami-tsami a ƙarshen harshe. Yawancin wannan tsami daga asid ɗin gulukonik yake, watau sukarin gulukos ne da ya rikiɗa ya zama asid. Bakteriya da dama suna iya yin irin wannan asid, su kuma ci shi. A shekarar 1952 ne Nathan Entner da Michael Doudoroff na Jami'ar Kalifoniya suka bayyana hanyar da wata ƙwaya, Pseudomonas saccharophila, take bi wajen farfasa sukari ta kan gulukonik, mataki bayan mataki.

To, kowane mataki yana da ma'aikacinsa, shi ne ake kira enzayim, kuma halinsa irin na maɓalli ne, kubarsa kaɗai yake buɗewa. Wannan zaɓe nasa shi masana suka mora. Sukan ciro enzayim daga jikin ƙwayar su zuba shi cikin abin da ake son aunawa, ya kama abincinsa kaɗai, sa'an nan na'ura ta auna yawan aikin da ya yi. Da haka ake gane yawan gulukonik a zuma ko a ruwan inabi.

Amma fa wani maɓallin yana da kwaɗayi. An yi shekaru ana shafa wani enzayim na ƙwayar Acinetobacter calcoaceticus a 'yan tsinkayen da masu ciwon sukari ke ɗiga wa jini, domin yana da sauri, kuma iskar da ke cikin jini ba ta dame shi ba. Ashe bai bambanta gulukos da maltos. Masu wankin ƙoda ta ciki kuwa, wani ruwan da ake zuba musu yakan koma maltos a jininsu. Sai na'ura ta nuna sukari ya hau alhali ya sauka, a ƙara wa majiyyaci allurar insulin, ya suma. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, ta ce rahoton mutuwar mutum 13 ya iso mata tun daga 1997.

Daga baya wasu kamfanoni suka gyara ginin enzayim ɗin har ya rage kula maltos, wasu kuwa suka koma ga wani enzayim da ake samu daga funfuna.