Toga, Mayafin Rumawa

Yau za mu koyi wata kalma. Ga ta: toga. Harafi huɗu ne, gaɓa biyu: to-ga.

Wannan kalma ba Hausa ba ce. Daga Latin ta fito, wato harshen Rumawan dā, mutanen birnin Rum na ƙasar Italiya. Haruffan bokon nan da muke koyo a aji, asalinsu nasu ne.

A Latin, in za su ce rufe, sai su ce tegere. Daga nan toga ta samu suna, wato abin rufe jiki. Mu ma haka muke yi. Daga yafa muka sami mayafi, daga rufe muka sami murfi.

Toga babban mayafi ne na maza, na gashin tumaki. Tsawonsa yakan kai yadi 5 ko 6. Ba shi da wuya, ba shi da hannu. Mutum yakan sa taguwa tukuna. Sa'an nan ya ɗora mayafin a kafaɗar hagu, ya biyo da shi ta ƙarƙashin hammatar dama, ya sāke jefa shi a kafaɗar hagu.

Ba kowa ke yafa shi ba, sai ɗan ƙasa. Bawa da baƙo an hana su. Sarkinsu Agustas, wanda ya mutu a shekara ta 14 bayan haihuwar Annabi Isa, ya yi umurni kada ɗan ƙasa ya shiga dandalin birni ba toga. Watan Agusta sunansa ya ci.

Kowane launi da abin da yake nufi. Yara maza da manyan ma'aikatan mulki, nasu yana da shunayya a baki. Mai makoki yakan yafa mai duhu. Mai neman a zaɓe shi kuwa, sai ya goge nasa da alli har ya yi fari fat, don a hango shi cikin taro.

To, jama'a, mu lura. Alli ba shi da tsada, kowa yana iya saya. In mai neman ƙuri'armu ya zo da farar riga, mu tambayi halinsa, mu karanta takardarsa da kanmu. Don irin wannan rana muke zuwa aji.

Tambayoyi
1. Daga wane harshe toga ta fito?
2. Su wa aka hana su yafa ta?