Ashe Gadi Ma Sai Da Lasisi?

Wata ranar Lahadi da daddare cikin shekarar 2023, ina zaune a tsakar gida ina jiran a kawo wuta, sai ga waya daga ɗan yayata da ke karatun digiri na biyu a birnin Mancesta na ƙasar Ingila. Ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, irin doguwar gaisuwar nan da ke sa babba ya gane akwai buƙata a bayanta. Can sai ya ce, "Kawu, dama rance nake nema, zan biya kuɗin horo da na lasisi." Na ce lasisin tuƙi? Ya ce, "A'a Kawu, na gadi."

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, dariya na yi har da ƙwalla. Yaron da muka sayar da fili muka tura karatu, shi ne zai koma maigadi, kuma wai gadin ma sai an yi masa jarrabawa? A nan gida dai abin da na sani shi ne, mutum ya samu tocila da gora da tabarma, to ya zama maigadi. Na tura masa kuɗin, amma da sharaɗin zai riƙa ba ni labarin duk matakin da ya taka. Abin da na ji a makonnin da suka biyo baya shi ya kashe mini dariyar.

A shekarar 2001 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta tsara sana'ar tsaro mai zaman kanta, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar da ake kira SIA a 2003. Dalili kuwa shi ne yadda 'yan daba da tsofaffin masu laifi suka cika ƙofofin gidajen rawa da mashaya da sunan gadi, suna dukan mutane, wasu ma da hannunsu a cinikin ƙwaya. Abin lura a wannan doka shi ne, mutumin da zai tsaya a bakin ƙofa shi ake ba lasisi, da sunansa da hotonsa da lambarsa. Sai ya cika shekara 18, sai ya nuna yana da izinin aiki a ƙasar, sai kuma an bincika ko an taɓa kama shi da laifi. Da yake ɗan namu bai daɗe da zuwa ba, sai da suka nemi ya kawo takardar shaidar kyawun hali daga 'yan sandan Nijeriya, domin ba su yarda mutum ya baro tarihinsa a filin jirgi ba.

Kafin ma a karɓe shi ajin horo, sai da ya yi kwas na yini guda kan taimakon gaggawa: yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da yadda ake tsayar da jini. Sannan ya yi kwana shida a aji, ya zauna jarrabawar rubutu da ta aiki, ya biya Fam 184 kuɗin lasisi, wanda shi ne farashin da aka sa daga watan Afrilun 2023. Katin da aka ba shi na shekara uku ne, kuma wajibi ne ya maƙala shi inda kowa zai gani muddin yana bakin aiki. Duk mai shakka yana iya shiga intanet ya buga lambar katin a rajistar hukumar ya ga ko na gaske ne. Wanda aka kama yana wannan aiki babu lasisi yana iya shan ɗaurin wata shida, kamfanin da ya tura shi kuwa hukuncin masu shi ya fi haka tsanani. Irin lasisin da ya karɓa ya ba shi damar tsayawa har a ƙofar mashaya, inda aka fi samun aiki a ƙarshen mako, amma ya ce shi kantuna da rumbunan ajiye kaya sun ishe shi. Na sa masa albarka a kan wannan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ake koyarwa. Na ɗauka kokawa da dambe za a koya musu. Ashe mafi yawan darasin a kan iyakar ikon maigadi ne. Ana nanata musu cewa kakin da suka sa bai mai da su 'yan sanda ba, ikonsu na kama mai laifi bai wuce na kowane ɗan ƙasa ba. Ana koya musu yadda za su kwantar da mai fushi da baki kafin a kai ga hannu, da yadda danne mutum rub da ciki ke iya toshe masa numfashi har ya mutu, da yadda ake fitar da jama'a daga gini in gobara ta tashi, da yadda ake rubuta rahoto da lokaci da wuri ta yadda zai tsaya a gaban alƙali. Mai karatu ya tuna sau nawa ya ji an ce masu gadi sun kama ɓarawo a unguwa, kafin gari ya waye ya cika a hannunsu, daga baya kuma a gano ba ma ɓarawon ba ne.

Su ma Turawan ba da sauƙi suka koyi wasu darussan ba. A ranar 22 ga Mayun 2017, a wannan birni na Mancesta, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a ƙofar babban zauren wasanni na birnin bayan an tashi daga wani bikin waƙa, ya kashe mutum 22, da yawansu yara da matasa. Kwamitin bincike ƙarƙashin Sir John Saunders, a rahotonsa na farko a 2021, ya gano cewa maharin ya daɗe yana laɓe da ƙatuwar jaka a bayansa, har wani mahaifi ya nuna wa masu gadi shi kimanin minti goma sha biyar kafin bam ɗin ya tashi. Ɗaya daga cikin masu gadin, yaro ɗan shekara 18, ya yi ƙoƙarin kiran ɗakin kula ta rediyon hannu bai samu shiga ba, ya kuma ji tsoron tunkarar mutumin kada a ce ya nuna wariyar launin fata. Mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan, Figen Murray, ta yi shekaru tana fafutika har aka sa hannu a 2025 kan dokar da ake wa laƙabi da sunan ɗanta Martyn, wadda ta ɗora wa masu wuraren taruwar jama'a nauyin yin shirin kare su daga hari. Kuma kada a ɗauka tsarin nasu ba shi da ɓaraka, domin a 2023 BBC ta bankaɗo wasu cibiyoyin horo da ke gajarta kwas ɗin suna ba ɗalibai amsar jarrabawa. Cuwa-cuwa dai ba ta da ƙabila.

To, da na gama jin wannan sai na waiwayo ƙofar gidana. Shekara goma sha ɗaya ke nan Baba maigadi yana tare da mu. Yadda na ɗauke shi kuwa, mai shayin bakin layinmu ne ya ce ya san shi, mutumin kirki ne, shi ke nan na miƙa masa makullin ƙofar da iyalina ke kwana a bayanta. Allah ya sa dattijon arziki ne. Amma sai da ya kwanta rashin lafiya a shekararsa ta bakwai da mu na farga cewa ban san sunan mahaifinsa ba, ban san ƙauyensu ba, ba ni da lambar kowa nasa. Da ya cika a ɗakin nan na bakin ƙofa, da ban san inda zan kai labari ba. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne a cikin masu karanta wannan shafi.

Gadi ba baƙuwar sana'a ba ce a wurinmu, ko da yake kalmar aro ce daga Turanci. A shekarun 1920 'yan sandan En'e na Kano ma 'yan gadi ake ce musu, kafin sunan 'yan doka ya maye gurbinsa. Bayan farin da aka yi a Sahel a 1973 zuwa 1974, Buzaye da suka rasa dabbobinsu sun kwararo biranen ƙasar nan, rawaninsu da takobinsu da butar shayinsu suka zama alamar gadi daga Kano har Legas. Yau a Kudu ko wanda ba ya jin Hausa ya san kalmar maigadi. Lasisin wancan zamani shi ne wanda ya tsaya maka: mai unguwa, ko limami, ko sarkin zango. Tsarin ya yi aiki lokacin da kowa ya san kowa. Yanzu da mutum zai shekara biyar bai san sunan maƙwabcinsa na bayan katanga ba, wa ke tsaya wa wa?

Mu ma muna da doka, har ta girmi ta Ingila da shekara goma sha biyar. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce ta kafa dokar soja a 1986 kan kamfanonin gadi masu zaman kansu, kuma tana aiki har yau. Ta ce babu kamfanin da zai yi wannan sana'a sai da lasisin Ministan Harkokin Cikin Gida, sai kamfanin ya kasance na 'yan ƙasa, ba a yarda da wanda aka taɓa ɗaurewa kan sata ko zamba ba, ko wanda aka kora daga aikin soja ko ɗan sanda saboda rashin ɗa'a. Ta hana masu gadi riƙe bindiga, ta kuma hana su sa kakin da ya yi kama da na jami'an gwamnati. Daga baya aka ɗora wa hukumar Sibil Difens, wadda ta samu dokarta a 2003 aka kuma yi mata gyara a 2007, nauyin tantance waɗannan kamfanoni da sa musu ido. A takarda dai ba laifi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, lasisin na kamfani ne. Katin shaidar da ma'aikaci ke ratayawa yana mutuwa ranar da ya bar kamfanin. Wanda ya yi shekara ashirin yana tsare dukiyar mutane ko allura ba ta ɓata ba, ba shi da wata takarda tasa ta kansa da zai nuna a nemi ƙarin albashi. Wanda kuma aka kora jiya saboda ya buɗe wa ɓarayi ƙofa, gobe yana iya sa kakin wani kamfanin a wani gari. Su kuwa irin su Baba, waɗanda masu gida da masu shago ke ɗauka kai tsaye, kuma su ne muka fi gani a unguwanninmu, dokar ba ta ma san da zamansu ba. Haka dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi Naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Rashin takardar nan maigadin ya fi cutarwa. Shekaru kaɗan da suka wuce aka fasa gidan wani maƙwabcina, aka ɗaure maigadinsa da igiya aka yi masa rotse. Da gari ya waye, shi aka fara tsarewa, da jinin a ka. Ya yi kwana tara kafin a sake shi, ba don an gano ɓarayin ba, sai don babu abin da aka samu a kansa. Babu rajistar da za a duba a ga tarihinsa, babu ƙungiyar da za ta zo belinsa. Da ya fito bai ko koma karɓar sauran albashinsa ba. Ga shi kuma tun da hare-haren bam suka addabi Arewa daga 2011, wannan bawan Allah da ba a taɓa ba horon yini guda ba shi muke miƙa wa na'urar binciken jiki mu tsayar a ƙofar masallaci da makaranta da asibiti, ya zama shi ne zai fara arba da duk abin da ke tafe.

Na san abin da wasu za su ce, don abokaina sun faɗa mini: a ƙasar nan duk sabon lasisi sabon shingen karɓar na goro ne, kuma jarrabawar Turanci za ta kori dattawan da ba su yi boko ba, ta bar aikin ga masu takardar bogi. Wannan tsoro yana da tushe, ban raina shi ba. Amma Afirka ta Kudu tana yi wa kowane maigadi rajista da sunansa a ƙarƙashin dokarta ta 2001, har da matakan ƙwarewa da ake hawa, Kenya ma ta yi tata dokar a 2016, saboda haka ba abin Turai kaɗai ba ne. Mu da muke da lambar ɗan ƙasa ta NIN, me zai hana a ɗora rajistar masu gadi a kanta? A yi horon kwana uku ko huɗu da Hausa da sauran harsunanmu, a yi jarrabawar da baka da kuma aiki, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida, kuɗin ya fito daga aljihun mai ɗaukar aiki. A buɗe ƙofa ga 'yan'uwanmu na Nijar da ke zaune bisa ƙa'ida, tunda korarsu daga sana'ar da suka yi shekara hamsin suna riƙe da ita zalunci ne, kuma ba ma za ta yiwu ba. Idan aka mai da abin hanyar tara kuɗin shiga kuwa, gara a bar mu da mai shayi.

Kwanan baya na zauna da Baba a kan bencinsa bayan sallar isha'i, na rubuta cikakken sunansa da na ƙauyensu da lambar babban ɗansa, na kuma nuna masa yadda ake zare ƙusar tukunyar kashe gobara da ta shekara huɗu rataye a bayan ƙofarsa bai taɓa taɓa ta ba. Sannan na nuna masa hoton katin ɗan yayata a waya. Ya karɓa ya ƙura masa ido, ya ce, "Alhaji, nawa suke ba shi?" Na ce doka ta hana a ba shi ƙasa da Fam 12 da ɗoriya a awa guda tun daga Afrilun 2025. Ya ce in mayar masa Naira. Na lissafa, na ga kuɗin yini ɗaya na yaron ya haura abin da nake ba shi a wata, sai na yi ta inda-inda. Ya yi murmushi ya miƙo mini wayar, ya ce, "Allah ya tsare shi. Alhaji, in za ka fita gobe a taimaka da batir, tocilar nan ta fara dishewa."